Babi na Shida: Tsohuwar Pijo da Kanikawan Damagaram

Ranar Alhamis kasuwar Damagaram take cika. Tun kafin hantsi ya dubi ludayi motocin ƙauye ke kwararowa gari ta hanyar Mirya da ta Tanut da ta Magarya, kowace tana jan ƙurarta a baya. Yawancinsu yanzu Toyota ne. Amma jefi-jefi, cikin cinkoson Hiace da 'yan kabu-kabu, sai wata doguwar mota ta ɓullo, fentinta ya koɗe, bayanta ya ɗaga sama kamar raƙumi zai tashi, ƙofarta ɗaya ɗaure da igiya. Dattawan da ke zaune bakin tasha ba sai sun ɗaga kai ba. Kukan injin kaɗai ya ishe su sanin cewa sank-san-kat ce, wato Peugeot 504, wadda kowa ke kira Pijo.

A Faransa, inda aka haife ta, motar da ta cika shekara 30 mai ita yana iya nema mata takarda ta musamman ta motocin tarihi. Sai ya goge ta, ya lulluɓe ta, ya fito da ita ranar Lahadi a sha iska. Ta Damagaram kuwa ta shigo da mutum tara a ciki, buhunan gero a kan kariya, da akuya biyu ɗaure a samansu. Duka biyun ƙauna ce ake nuna wa tsohuwar mota. Bature yana ƙaunar tasa ne don ta koma yadda ta fito daga masana'anta. Badamagare yana ƙaunar tasa don abin da hannun bakanike ya mayar da ita, har ta iya abin da maƙeranta na asali ba su taɓa tsammani ba.

Daga sawun raƙumi zuwa sawun taya

Garin ya san sufuri tun kafin ya san mota. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin raƙuma ke haɗa Damagaram da Agadas da Tarabulus a arewa, da Kano a kudu, da Kukawa a gabas. Unguwar Zango sunanta ma ya faɗi aikinta: nan fatake ke sauke kaya, yayin da Birni ke riƙe da fada da ganuwa. Faransawa sun ci garin a 1899, suka mayar da shi babban birnin mulkinsu daga 1911 har 1926, lokacin da suka koma Yamai. A shekarar 1911 ɗin nan ce kuma dogo ya iso Kano, kayan Turai suka fara hawowa daga teku ta kudu da araha, cinikin hamada ya soma ja da baya.

A ƙarshen 1924 mutanen gari suka ga wani ayari da ba a saba gani ba. Motoci takwas ne na kamfanin Citroën, tayoyi a gaba, sarƙar roba a baya irin ta tankar yaƙi. Sun taso daga Colomb-Béchar a ƙasar Aljeriya ranar 28 ga Oktoba, ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka bi ta Yamai da Tasawa, suka yada zango a Damagaram kafin su nufi tafkin Chadi. Barma Mustafa ne ke kan gadon sarauta a lokacin, bai daɗe da hawa ba. Talla ce kamfanin yake yi wa motocinsa, har da mai ɗaukar fim da mai zane a cikin tawagar, amma tallar ta nuna cewa inda raƙumi ya bi mota ma za ta iya bi.

Ba a yi shekara goma ba abin ya zama sana'a. A 1933 Georges Estienne ya kafa kamfanin SATT, wanda motocinsa ke ɗauko fasinja da wasiƙu daga birnin Alje, su ratsa Tamanrasset da Agadas, su sauka Damagaram, su wuce Kano. Direba ya gaji madugu. Shi ya san rijiya, shi ya san inda rairayi ke cin taya, shi ake jira ya ce a tashi ko a kwana.

Gyaɗa ce ta cika hanyoyin kudu da manyan motoci. Ƙasar Magarya da Matamai da Kance ta noma ta da yawa, kuma kaso mai tsoka na amfanin yana bin hanyar Kano ne zuwa jirgin ƙasa. Bayan samun 'yancin kai a 1960 gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa, sannan SNTN a 1963 don sufuri. 'Yan kasuwar da suka samu a wannan harka, abin da suka fara saye bayan kujerar Makka shi ne mota.

Me ya sa Pijo?

A 1960 aka fito da Peugeot 404, wadda a Nijar ake kira kat-san-kat. Injinta na lita 1.6 ne, giyarta a jikin sitiyari take, jikinta kuma gidan zane na Pininfarina a Italiya ne ya tsara shi. An ƙera kusan miliyan 2.9, kuma ko da Faransa ta daina, Kenya ta ci gaba da haɗa ta har 1991. Ta lashe tseren Safari na gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin laka da duwatsu. Ƙanwarta 504 ta zo a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, ita ma ta ci Safari a 1975.

Direban Damagaram bai damu da kofi ba. Abin da ya gani shi ne mota mai tsayi daga ƙasa, mai dogon numfashi a sifirin, wadda ke shanye gargadar hanyar burji ba tare da ta zubar da haƙoran fasinja ba. Sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa tayoyin baya a cikin bututun ƙarfe take a rufe, ƙura da tsakuwa ba sa samunta. Ga kuma nau'i uku da suka dace da buƙatu uku. Ƙaramar ta alhaji ce da ma'aikaci. Doguwar mai layin kujeru uku, wadda aka yi wa mutum bakwai, ita ta zama motar haya. Mai buɗaɗɗen baya kuwa, da ake kira bashe a Nijar, a-kori-kura a Nijeriya, ita ce jakar ƙauye, ta kai marar lafiya asibiti, ta kai amarya, ta kai taki gona.

Sai kuma maƙwabtaka ta yi rana. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Shekaru da dama jiragen dakon kaya na kamfanin UTA ne ke ɗauko sassan daga Lyon su sauke a filin jirgin saman Kano, sannan a kwashe su a mota zuwa Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976, gwamnatin Obasanjo ta mayar da 504 motar manyan jami'anta, Nijeriya ta cika da Pijo, kasuwanninta suka cika da kayan gyaranta. Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce, zuwa Kano kuwa kimanin 240 ta Matamai da Daura. Bakaniken da ya rasa wani ƙarfe da safe yana iya ba direban Kano saƙo, a sayo masa a Ƙofar Ruwa, kashegari yana hannunsa.

Shi ya sa har yau garejin Damagaram harshe biyu yake ji. Abin da maigida ya koya da sunan buji, yaronsa da ya yi zama a Kano filogi yake ce masa. Wannan ya ce esansi, wancan ya ce fetur. Wannan aparanti, wancan yaron mota. Ƙarfen dai ɗaya ne, kuma yana shiga ko daga Sochaux motar ta fito ko daga Kaduna.

Motocin da suka ƙetaro hamada

Akwai wata hanyar da Pijo ta riƙa shigowa, wadda duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 yake tunawa. Samarin Turai, Faransawa da Jamusawa da 'yan Holan, sukan sayi tsohuwar 404 ko 504 da araha a ƙasarsu, su sa ta a jirgin ruwa daga Marseille zuwa Alje ko Tunis, su miƙa kudu ta Ghardaïa da In Salah har Tamanrasset. Daga nan kwalta ta ƙare. Kusan kilomita 400 na rairayi ke tsakaninsu da In Guezzam, kuma gawarwakin motocin da suka kasa sun zama alamar hanya. Waɗanda suka tsallake sai su shigo Nijar ta Asamaka, su sauka Arlit da Agadas, wasu su gangaro Tanut zuwa Damagaram, wasu su wuce Yamai ko Kwatano. Su sayar da motar, su sayi tikitin jirgi da kuɗin, su koma gida da labari.

Dillalin mota na lokacin ba ya fara duba fenti. Durƙusawa yake ya leƙa ciki, ya ga ko dutse ya daki kaskon baƙin mai, ko ƙashin motar ya tsage an yi masa walda a hanya. Ya zaro ma'aunin mai ya murza a yatsa, ya ji ko akwai yashi. Ya sa a tayar da ita, ya tsaya a bayan salansa yana kallon launin hayaƙi. Sannan a zauna ciniki, Bature yana lissafi da faran ɗin Faransa, dillali yana yi da jika, kowane faran ɗaya sefa 50. A taya, a ce albarka, a tashi kamar an fasa, a dawo bayan la'asar a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Mai saye yana da hujjar da ta fi kowace takarda: motar da ta ƙetaro Sahara da ƙafafunta ta riga ta ci jarrabawa.

A Janairun 1986 ma tseren Paris zuwa Dakar ya sauka a Damagaram, yara suka yi ta bin motocin da ƙafa. Amma a farkon shekarun 1990 rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar suka rufe wannan hanya, cinikin ya mutu.

Abin da ake biya wa ƙari

Masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka suna da wata hira da ba sa gajiya da ita, hirar farashin ƙari. Tun zamanin Ford Model T, wadda kuɗinta ya sauko har dala 260 a 1925, ana sayar da mota tsurarta, mai son a tayar masa da ita da batir maimakon juya injin da hannu sai ya ƙara kuɗi. Daga 1958 doka ta wajabta a manna takarda a gilashin kowace sabuwar mota, a jera farashinta da na duk abin da aka ƙara mata. Ford Mustang ta fito a 1964 a kan dala 2,368, amma babban inji da rediyo da na'urar sanyi kowanne da nasa kuɗin. Yau wanda ya mallaki irin wannan mota tare da takardarta ta asali, ji yake ya riƙe dukiya biyu, kuma yakan zauna yana karanta jerin yana mamakin arahar da.

Pijo ma a Turai tana da nata jerin: rufin da ake zugewa, kujerun fata, giya mai canza kanta, da famfon allurar mai na Kugelfischer a madadin kafireta. Waɗannan ne ke ɗaga darajarta a can. Da ta iso Damagaram sai lissafin ya juye. Rufi mai zugewa ƙura yake shigarwa, kuma ba ya ɗaukar kaya. Giya mai canza kanta, in batir ya mutu a dajin Damargu, ba a tura ta ta tashi. Famfon allura kuwa, ranar da ya ƙi aiki babu mai buɗe shi a gindin bishiya, alhali kafireta yaro ɗan shekara goma sha biyar yana kwance ta, ya wanke, ya hura, ya mayar. Sau da yawa abin da sabon mai mota ke fara yi shi ne ya sa a cire kayan alatun da Bature ya biya wa kuɗi, a mayar da motar talaka.

Ƙarin da ake biya wa a nan daban ne: kariya mai ƙarfi a sama, farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, safaya biyu, matatar iska mai wanka da mai don tare ƙura, da tanki na biyu. A Faransa ma wani injiniya, Henry Dangel, ya gane wannan buƙata, daga 1980 ya fara mayar da 504 mai jan tayoyi huɗu a yankin Alsace. Sai dai tasa tsada gare ta. Mutanen Damagaram sun nemi nasu maganin a gareji.

Su suna sauke ta, nan ana ɗaga ta

A shekarun 1930 samarin kudancin Kalifoniya sukan sayi tsohuwar Ford da ba ta da daraja, su cire mata duk abin da ke da nauyi, su sauke ta kusa da ƙasa, su dasa mata inji mai silinda takwas irin wanda Ford ta fito da shi a 1932, su tafi busassun tafkuna irin Muroc su gwada gudu. Bayan yaƙin duniya na biyu sojojin da suka koyo kanikanci suka dawo suka haɓaka abin. Mujallar Hot Rod ta fara fita a Janairun 1948, Wally Parks ya kafa ƙungiyar tserensu ta NHRA a 1951. Asalin abin dai wasan marar kuɗi ne mai basira, wanda ba zai iya sayen sabuwa ba sai ya ƙera tasa daga tsohuwa.

Wannan siffa ta dace da bakaniken Damagaram, bambancin kawai inda aka dosa. Na Kalifoniya gudu yake nema. Na Damagaram kaya yake so motar ta ɗauka, ta je Gure ta dawo.

A dubi yadda ake shirya bashe. An ƙera ta ne ta ɗauki kimanin tan ɗaya. Za a ɗaga bayanta a kan jak, a tokare da kututture, a kwance damin sifirin. Yara biyu su riƙe, maigida ya zaɓo ganye biyu ko uku daga tarin na wata motar da ta mutu, ya gwada tsayinsu, ya yanke, ya huda tsakiya, a jera su daga babba zuwa ƙarami, a ɗaure da sabon ƙulli. Idan aka sauke ta babu kaya, bayanta a sama yake, kanta a ƙasa, tana tsalle kamar ɗan maraƙi. Sai an loda ta take daidaita. Mai walda ya zo ya kafa mata ƙarafa a gefe da sama, kafinta ya shimfiɗa benci biyu, a ja tamfol. Motar da aka yi wa manomin Faransa da 'yan kwandunansa ta zama mai kai rabin ƙauye kasuwa.

Aikin inji ya fi wannan natsuwa. Sirrin daɗewar Pijo shi ne kowane fistin yana gudu ne cikin wani bututun ƙarfe da ake zarewa. In inji ya gaji ya fara shan baƙin mai, ba sai an kai shi wata masana'anta an rarake ba. A zare bututun huɗu, a zura sababbi da fistin ɗinsu, a sa sabon gaskit, inji ya dawo saurayi. Ana yin wannan a ƙasa, kan buhun siminti da aka shimfiɗa, ƙananan ƙarafa suna jiƙe cikin jarkar da aka yanke aka zuba mata fetur. Bayan an haɗa an tayar, maigida yakan ɗauko dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Yara su yi tsit. Ya matsa gaba kaɗan, ya sake saurare. In ya ce wa babban yaronsa ya sassauta nan, ya ɗaure can, ba ya yin bayani, yaron kuma ba ya tambaya, sai dai ya ce to, Maigida, ya kuma kafa nasa kunnen ya ji yadda sautin ya canza. Haka ake karatun, shekara biyar ko bakwai, kafin a yaye mutum.

Wasu sukan cire injin fetur su sa na gazuwal, wasu su dasa na wata motar daban su ƙera masa mazauni. A hanya kuwa dabara ba ta ƙarewa. Tankin da ya tsage a goga masa sabulu ya riƙe har gari. In an shiga rairayi a rage iskar taya ta yi faɗi, in an fito a bi ta da famfon hannu.

Manyan motoci sun fi kowa shan wannan gyara. Berliet ta yi suna a hamada tun lokacin da motocinta tara suka ratsa Tenere a ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960, kafin Renault ta haɗiye kamfanin. Daga baya Marsandi mai gajeren hanci ta karɓi hanyar Agadas da Dirku zuwa Libiya. Kai da ƙashi kawai ake saye, kafintoci su gina bodin katako, mai fenti ya zana dawisu ko zaki ya rubuta addu'a a goshi. Ranar tafiya kaya sukan yi tsayin da ya ninka motar, fasinja a can ƙololuwa, jarkokin ruwa naɗe da buhu da salkar fata suna reto a gefe. Direban irin wannan mota babban mutum ne, ba banza ba Mamman Shata ya yi wa direbobi waƙa.

Yadda zamani ya juya

Kuɗi ne suka fara karya Pijo. A 1986 darajar naira ta faɗi, ma'aikacin Nijeriya ya kasa sayen sabuwar mota, masana'antar Kaduna ta rage aiki. A Janairun 1994 aka karya sefa, faran ɗaya na Faransa ya koma 100 maimakon 50, duk ƙarfen da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi a dare ɗaya. A daidai lokacin tashar ruwan Kwatano ta cika da motocin gwanjo, Toyota ta shigo da ƙarancin shan mai da yawan kujeru. Hiace ta ƙwace layin haya, Hilux ta ƙwace hamada. A tsakiyar shekarun 2000 Kaduna ta haɗa 504 ta ƙarshe.

Mai ma ya taka rawa. Shekaru da yawa fetur ɗin Nijeriya mai rahusa, wanda 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalba bakin titi, shi ya rufa wa tsofaffin injuna asiri. A Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ a arewacin garin, kan hanyar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana. A Mayun 2023 kuma Nijeriya ta janye tallafin mai. Mota mai ƙishirwa ba ta da sauran mafaka.

Abin da ya fi ci wa tsofaffin kanikawa rai shi ne sababbin motoci ba sa magana da kunne. Ƙwaƙwalwa gare su, sai an jona kwamfuta ta faɗi ciwonsu, kuma abin da ya lalace ba a gyara shi, canzawa ake yi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana sauraren ƙarfe sai ya koma yana kallon yaro ɗan jiya yana danna allo.

Da yamma a bakin tasha hirar takan koma baya. Wani ya tuna nawa ya sayi bashensa ta farko, ya rantse kuɗin ba za su sayi babur ba yau. Wani ya tuna masa cewa jikar wancan lokaci ba ta yau ba ce, kuma sai da ya sayar da shanu kafin ya haɗa su. Ba daɗin kaɗai ake tunawa ba. Kowane tsohon direba yana da sunan abokin da lodi ya kayar a kwana, ko wanda birki ya yaudara, kuma in an zo nan sai a yi shiru a yi musu addu'a. Duk da haka idan aka tambaye su motar da ba su mantawa, ba sa ambaton wadda suke tuƙawa yanzu.

A kasuwar duniya tsohuwar mota ta zama zinariya. A 2011 an yi gwanjon 504 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, ƙirar 1977, a kan kusan dala miliyan 2.5. A 2022 wata Marsandi ta 1955 ta kai yuro miliyan 135. Masu irin wannan ciniki asali suke nema, fentin farko, kujerar farko, lambar inji da ta dace da takarda. Da wannan ma'auni Pijon Damagaram ba ta da daraja, don ƙofarta ta wata ce, injinta na uku ne, sifirinta na motoci huɗu ne. Amma kowane faci a jikinta shaida ce ta wata shekara da wata hanya da wani hannu. Peugeot ta buɗe gidan tarihinta a Sochaux a 1988. Legas ta adana Marsandin da aka harbe Murtala a ciki. Gidan tarihi na Yamai ya adana bishiyar Tenere da wata babbar mota ta kayar a 1973. Bashe ɗaya mai bencin katako da ƙarin ganyen sifirin ta cancanci a killace ta a Damagaram, tare da sunayen waɗanda suka riƙe ta da rai, tun kafin 'yan gwangwan su auna ta ƙarshe a sikeli.

Kafin nan dai, wadda ta mutu ba ta tafiya gaba ɗaya. Maƙera suna rububin sifirinta, don ƙarfensa ya fi riƙe kaifi, su fitar da gatari da adda da wuƙar mahauta. Masu zubi su narka kan injin su yi tukunya. Tayar ta zama takalmi, tub ɗin ya zama gugan rijiya, kujerar ta koma zauren mai unguwa. Gindin baya kuwa, da tayoyinsa biyu, mai walda ya ɗora masa katako ya yi amalanke. Ranar Alhamis da yamma, lokacin da kasuwar ke watsewa, ana ganinsu jere a hanyar Mirya, sa ko jaki a gaba, yaro zaune kan buhuna da sanda a hannu, ƙarfen da aka zuba a Faransa ko aka ɗaure a Kaduna yana juyawa a hankali a ƙarƙashinsa zuwa gida.